Tsakanin Tsautsayi da Sakaci: Tarihin Bindigar da ke Tashi da Kanta

A daren Lahadi, 9 ga watan Janairun 1876, wani ɗan sanda yana zaune da mutum biyu ko uku a ɗakin baya na wata mashaya a garin Wichita da ke jihar Kansas, a Amurka. Ana cikin zama sai libarbarsa ta sulluɓe daga kube ta nufi ƙasa. Ana jin bayanta ne ya bugi kujera. Sai ƙara. Harsashin ya huda kwat ɗin da ke jikinsa, ya bugi bango, ya karkata ya fice ta rufin ɗaki. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Bayan kwana uku jaridar garin, Wichita Beacon, ta buga labarin. Sunan ɗan sandan Wyatt Earp, wanda bayan shekara biyar ya shahara da musayar wutar da aka yi a garin Tombstone, har masu shirya finafinai suka mai da shi gwanin gwanayen bindiga. A wannan daren dai saura ƙiris gwanin ya halaka kansa, alhali yatsansa bai je kusa da kunama ba.

Ni ban taɓa riƙe bindiga ba. Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma abin da ya kai ni ga wannan tarihi wani abin kunya ne da ya same ni a wurin aiki. Na taɓa tsara shafin shigar da bayanai, na sa maɓallin gogewa dab da na adanawa. Don kariya, na sa gargaɗi yana fitowa duk lokacin da aka danna ɗayansu. Wata rana wata ma'aikaciya ta goge aikin wata guda cur. Da aka kira ni, na ce ai laifinta ne, tun da na sa gargaɗi. Ogana ya dube ni ya ce, "Gargaɗin naka, sau nawa take ganinsa a rana?" Na ce zai kai sau ɗari. Ya ce, "To abin da mutum ke gani sau ɗari a rana, ya daina karanta shi tun a makon farko." Tun daga ranar nake bibiyar tarihin na'urori masu haɗari, ina neman yadda aka raba laifi tsakanin maƙeri da mai amfani. Ban sami inda aka daɗe ana wannan gardama kamar a kan ƙaramar bindiga ba.

Gurbi shida, harsashi biyar

Kafin mu yi nisa, bari mu san kayan cikinta. Libarba tana da wata 'yar ganga mai juyawa, wadda galibi ke da gurbin harsashi shida. A gindin kowane harsashi akwai wata 'yar hula mai ɗauke da sinadarin da ke kamawa da wuta idan an buge shi, mu kira ta ƙyastu. A bayan bindigar akwai 'yar guduma. Idan aka ja kunama, gudumar ta sauka a kan ƙyastu, ƙyastu ya kunna albarushi, albarushi ya tura dalma ta cikin bututu.

Samuel Colt ya sami rajistar ƙirar libarbarsa a Amurka a 1836, kuma a 1873 kamfaninsa ya fitar da wadda ta fi kowace suna, Single Action Army, wadda muke gani a hannun makiyayan finafinan kaboyi. Matsalar irin waɗannan bindigogi ita ce, idan guduma tana kwance, tsininta yana zaune ne kai tsaye a kan ƙyastun harsashin da ke gabanta. Duk abin da ya bugi bayan gudumar, ko ƙasa, ko kujera, ko likkafar sirdi, ya yi aikin yatsa. Akwai wani ɗan tsagi da aka yi don a ɗage gudumar kaɗan, amma ƙarfensa siriri ne, bugu mai ƙarfi yana iya karya shi.

Maganin da mutanen wancan zamani suka samo na al'ada ne. Sai a sa harsashi biyar kawai, a bar gurbi ɗaya fayau, a kwantar da guduma a kansa. Wanda ya san wannan ya tsira. Wanda bai sani ba, ko ya manta, ko ya yi kwaɗayin harsashi na shida, ya ɗauki ajalinsa a ƙugu. Wato an ɗora wa ƙwaƙwalwar mutum aikin da ƙarfe ya kamata ya yi, kamar dai yadda na ɗora wa waccan ma'aikaciya.

Ɗan aiken Iver Johnson

Wanda ya fara sayar da maganin wannan matsala ga jama'a da yawa shi ne kamfanin Iver Johnson, wani ɗan ƙasar Norway da ya yi hijira zuwa Amurka, yana ƙera bindigogi da kekuna a garin Fitchburg na jihar Massachusetts. A 1894 kamfanin ya fitar da libarba mai suna Safety Automatic. A cikinta, guduma ba ta isa ga tsinken da ke bugun ƙyastu ko kaɗan. Idan ta sauka, jikin bindigar take buga. Sai an ja kunama har ƙarshe sannan wata 'yar sandar ƙarfe take tasowa ta shiga tsakani, ta karɓi bugun daga guduma ta miƙa wa tsinke. Kamar ɗan aike ne wanda ba ya tashi sai yatsa ya aike shi. Idan bindiga ta faɗi, ɗan aike yana zaune, saƙo ba ya isa.

Kamfanin ya yi alfahari da wannan ƙira matuƙa. A tallansa na farkon ƙarni na 20 akwai hoton hannu riƙe da gudumar kafinta yana dukan bayan bindiga, don a ga ba za ta tashi ba. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wani tallan da ya nuna ƙaramar yarinya a kan gado tana riƙe da libarbar, wai ba abin da zai same ta. Nan tallan ya zarce abin da ƙarfen ya iya. Ɗan aike yana kare mutum daga faɗuwar bindiga, amma ba ya tambayar yatsan wa ya ja kunama, na uba ne ko na 'yarsa. Kuma ba ya tambayar niyya. Da libarbar Iver Johnson aka harbi shugaban Amurka William McKinley a garin Buffalo ranar 6 ga Satumban 1901, ya mutu bayan kwana takwas.

Sauran kamfanoni sun bi da irin nasu dabarun, wasu da wuri, wasu sai da aka yi asarar rai. Libarbar Smith & Wesson da sojojin ruwan Amurka suka riƙe a Yaƙin Duniya na Biyu tana da sakatar da ke tare guduma, amma wani ɗan sifirin ne ke tura sakatar zuwa wurinta. A 1944 ɗaya daga cikinsu ta faɗi a kan jirgin ruwa, ta tashi, ta kashe wani soja. Aka sake ƙirar, ta yadda motsin kayan cikin bindigar da kansa ne ke jan sakatar dole. Dalilin a fili yake: abin da ya dogara da ɗan sifirin, busasshen maiko ko datti na iya riƙe shi, mai bindiga bai sani ba.

Labarin kamfanin Ruger ya fi ba ni mamaki. A shekarun 1950 finafinan kaboyi sun cika talabijin a Amurka, mutane suna sha'awar tsohuwar ƙira. Ruger ya fitar da Single-Six a 1953, da Blackhawk a 1955, bisa tsarin 1873, da kyansa da aibinsa. An rubuta gargaɗi a takardar da ke cikin kwali. Sai dai masu sayen ba jikokin makiyaya ba ne da suka gaji al'adar harsashi biyar. A 1973 kamfanin ya koma ga ɗan aike. A 1979 kotun ƙoli ta jihar Alaska ta duba ƙarar wani mutum da tsohuwar ƙirar ta harbe shi a ƙafa, inda masu taya alƙali hukunci suka yanke wa kamfanin tarar kusan dala miliyan uku, kafin daga baya a rage ta. Daga 1982 Ruger ya fara karɓar tsofaffin bindigogin yana sa musu sabon tsarin kyauta. Mu a harkar manhaja mun san wannan aiki: tura gyara ga abin da ya riga ya shiga hannun jama'a. Bambancin shi ne namu yana isa ta intanet cikin dare ɗaya, nasu kuwa sai mai bindiga ya ji labari, ya yarda, ya kai gidan waya.

Gishirin da mai ba ya wankewa

Bindiga tana da cin amana iri biyu: ta tashi ba a so ba, ko ta ƙi tashi ana so. Na biyun shi ne ya haifar da duk al'adar goge-goge da shafe-shafen mai.

Tsohon baƙin albarushi, irin wanda maharbanmu ke ɗura wa bindigar toka, yana barin dauɗa mai yawa a bututu, dauɗar kuma tana jan laima. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya samar da albarushi marar hayaƙi, wanda ba ya barin toka sosai. Aka zaci an rabu da tsatsa. Ina! Soja zai goge bututu tas, ya shafa mai, bayan kwanaki ya tarar da tsatsa ta ci ciki. An daɗe ana zargin sabon albarushin. Sai a 1922 wani mai bincike a hukumar ma'adinai ta Amurka, Wilbert Huff, ya nuna cewa ɓarawon yana cikin ƙyastu. Sinadarin da ke cikinsa idan ya ƙone yana barin wani gishiri, ɗan'uwan gishirin miya, wanda ke jan ruwa daga iska. Mai ba ya narkar da gishiri, rufe shi kawai yake yi. Ruwa ne ke wanke shi, sannan a busar, a shafa mai. Shekara da shekaru ana zagin sojoji da ƙazanta, alhali suna yin abin da aka koya musu. Koyarwar ce ba ta kai ga ciwon ba. Daga ƙarshen shekarun 1920 aka fara sayar da harsasai masu ƙyastun da ba ya barin gishiri a Amurka.

Ko bindigar da ake yi wa kirari da juriya ba ta wuce kulawa ba. A watan Maris na 1911 sojojin Amurka suka gwada fistol ɗin da John Browning ya ƙera, aka harba harsashi 6,000 ba ta sarƙe ko sau ɗaya ba, yayin da abokiyar takararta ta kamfanin Savage ta sami matsala sau 37. Aka karɓe ta da sunan M1911, ta yi aiki har 1985. Masu ba da labarin sukan manta cewa a cikin gwajin ana barin ta ta huce bayan kowane harsashi 100, ana kuma goge ta a shafa mata mai bayan kowane 1,000.

Fistol ya zo da nasa tarkon. Harsasansa suna cikin wani gida da ake zarewa daga mariƙi, amma wanda aka riga aka ɗana yana can a gindin bututu. Mutum zai zare gidan harsashi, ya ga hannunsa cike da harsasai, ya tabbata bindiga fanko ce. Ɗaya ya rage. Shi ya sa wasu ƙirar, irin su Browning Hi-Power ta 1935, ba sa tashi idan babu gidan harsashi a ciki. Amma ba duka ke da wannan ba, don haka ƙa'idar ita ce a buɗe a duba da ido.

Abin da ya kashe ɗan Bruce Lee

Akwai lalura uku da ake koya wa duk mai riƙe bindiga. Ta farko, a ja kunama harsashi ya ƙi tashi sam. Ta biyu, ya yi jinkiri, ya tashi bayan ɗan lokaci, shi ya sa ake cewa idan ka ji shiru kada ka juyo da bakinta ka leƙa, ka bar ta tana kallon inda ba kowa, ka jira. Ta uku ita ce mafi ɓoyuwa: harsashi ya tashi da rauni, dalmar ta shiga bututu ta maƙale. Alamarta 'yar ƙara ce marar ƙarfi. Wanda ya ji ta, dole ya tsaya ya duba bututu kafin ya sake harbi.

Wannan ta ukun ce ta kashe Brandon Lee, ɗan shahararren jarumin nan Bruce Lee, ranar 31 ga Maris 1993, ana ɗaukar fim ɗin The Crow a garin Wilmington na jihar North Carolina. Ana buƙatar harsasan ado don ɗaukar hoton libarba daga kusa, sai aka ɗauki na gaske aka zubar da albarushinsu, aka mayar da dalma. An bar ƙyastu da rai. Wani ya ja kunama, ƙarfin ƙyastun kaɗai ya tura dalmar cikin bututu, ta tsaya a can. Ba wanda ya duba. Daga baya aka ɗura wa bindigar harsashin wasa, mai albarushi amma babu dalma, aka saita Lee kamar yadda labarin fim ya tsara. Albarushin ya sami dalma tana jiran sa. Lee ya rasu yana da shekara 28. A wannan karon ƙarfe bai yi laifin komai ba. Minti ɗaya na leƙa bututu da ya wadatar.

Gwajin da aka ci, da kusurwar da aka manta

A farkon shekarun 1980 sojojin Ostiriya suka nemi sabon fistol, cikin sharuɗɗansu har da cewa kada ya tashi idan ya faɗo daga tsayin mita biyu a kan farantin ƙarfe. Wanda ya ci kwangilar a 1982, Gaston Glock, bai taɓa ƙera bindiga ba kafin nan; wuƙaƙe da sandunan labule yake yi. Glock 17 ba ta da sakatar da ake turawa da babban yatsa. Tana da kariya uku a ciki, duk suna janyewa da kansu idan an ja kunama, su koma idan an saki. Faɗuwa ba ta tayar da ita. Amma nauyin ya koma kacokan kan yatsa, kuma kafin a kwance ta don gogewa sai an ja kunama, wanda ke nufin duk wanda bai duba gindin bututu ba zai ji ƙara a ɗakinsa.

Kada a ce matsalar 1876 ta mutu. A watan Janairun 2017 sojojin Amurka suka zaɓi ƙirar P320 ta kamfanin SIG Sauer. A watan Agustan shekarar aka yaɗa bidiyo da ke nuna irin wadda ake sayar wa jama'a tana tashi idan ta faɗi ta baya a wata kusurwa ta musamman: nauyin kunamar kanta ne ke jan ta idan ta bugi ƙasa. Kamfanin ya ce bindigar ta ci duk gwaje-gwajen da masana'antar ta gindaya, sannan ya buɗe shirin canja kayan ciki kyauta, har da kunama marar nauyi. Duk mai rubuta manhaja ya san wannan ciwo. Gwaji yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai, kuma waccan kusurwa ba ta cikin tambayoyin.

Saboda ƙarfe ba ya cika, masu koyarwa suka jera kariya a jikin mutum. Jeff Cooper, tsohon sojan da ya kafa makarantar harbi a Arizona a 1976, shi ya yaɗa ƙa'idoji huɗun da aka fi sani: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗanannniya, kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya hallakawa ba, yatsa ya nisanci kunama sai an saita, ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa. Hikimarsu ita ce suna rufa wa juna baya: idan an karya ɗaya, wata tana nan tana tare ɓarnar. A kan wannan ake ƙara ajiya: a kulle bindiga fanko, harsashi a wani wurin daban, inda yaro ba ya kaiwa. Daga irin waɗannan makarantu ne masu koyarwa suka fara ƙin kiran kowane harbin kuskure da sunan haɗari, suka ce mafi yawansu sakaci ne.

Me ya shafe mu?

A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa. Don haka mafi yawanmu ba za mu taɓa goge bututu ba. Amma muna tsayawa a gaban bindiga kullum, a shingen hanya da ƙofar banki, kuma mun saba jin sanarwar cewa harsashi ya kuɓuce bisa kuskure. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mu yi ta'aziyya, mu watse.

Imani da ƙaddara bai hana tambaya ba, kuma wannan tarihi ya ba mu tambayoyin. Wace irin bindiga ce, kuma tana da abin da ke hana ta tashi idan ta faɗi? Yaushe aka duba ta, wa ya duba? Me ya sa akwai harsashi a ɗane? Ina yatsa yake? Ina bakinta yake kallo? Kowace tana da amsar da ake iya bincikawa, kuma kowace amsa tana nuna wani: maƙeri, ko mai kula da ma'ajiyar makamai, ko mai horarwa, ko mai riƙo. Iyalan mamaci sun cancanci a gaya musu wanne ne.

Ni dai na koma na raba maɓallan nan biyu, na cire gargaɗin da ba ya gargaɗi, na sa duk abin da aka goge ya jira kwana talatin kafin ya ɓace. Na kuma je na ba ma'aikaciyar haƙuri. Shi kuwa Wyatt Earp ya rayu har 1929, ya mutu a Los Angeles yana da shekara 80, harsashi bai taɓa shiga jikinsa ba. A littafin tarihinsa da Stuart Lake ya fitar a 1931, an ruwaito shi yana bayanin cewa ƙwararru harsashi biyar suke sawa, su kwantar da guduma a kan gurbin da babu komai.